Baba da Dutsen da Ya Koyar Bai Taɓa Gani Ba

Mun tashi da asuba ranar Asabar daga Bobigny, ni da Baba, gari da sauran duhu, fitilun dogayen benayen unguwarmu sai ɗai-ɗai. Maigidana ne ya sauke mu a tashar jirgin ƙasa ta Paris, ya juya wajen yara. Ku da kuka hana ni sakat da tambaya tun da na sa hoton tsoho sanye da babbar riga a kan jibgegiyar rigar sanyi, to ga labarin nan, kowa ya gyara zama.

Bari in fara da dalilin tafiyar. Mahaifina tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Damagaram, labarin ƙasa ya koyar har ya yi ritaya. Ganin likitan ido ne ya kawo shi Faransa. Hawan jinin ido ya cinye masa gani ta gefe da gefe, yanzu abin da ke gabansa sak kaɗai yake gani, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likita bai ɓoye mana komai ba. Abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma magani sai dai ya ja masa lokaci. Da muka fito daga asibitin, zuciyata a jagule, na ce masa ya faɗi abin da yake so ya gani a ƙasar nan, ko dogon ƙarfen nan na Paris da kowa ke ɗaukar hoto a gindinsa. Ya ce ƙarfe kuma? Ai ya ga eriyar rediyo a Damagaram. Shi Mont Blanc yake so, wato Farin Dutse, dutsen da ya fi kowane tsawo a Faransa.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana, "shekara talatin da ɗoriya ina zana dutsen nan a allo. Wata shekara wani yaro mai ƙiriniya ya ɗaga hannu ya ce, Mushe, kai ka taɓa ganinsa? Na ce ban taɓa ba. Aji ya kwashe da dariya. Na ce masa in Allah Ya nuna mini, shi zan fara ba amsa."

Ai kuwa na ɗaura ɗamara. Wanda ya san ni ya san ba na wasa da tsari. Na bi meteyo, wato hasashen yanayi, safe da yamma har na haddace shi. Asabar garau za a yi a kan duwatsun, daga Lahadi kuma girgije zai rufe su har mako guda. Jirgin Baba na komawa Yamai ranar Laraba, bizarsa ma ta zo ƙarshe. Ke nan rana ɗaya tak gare mu. Na yanki tikitin jirgin farko zuwa Lyon, na kama motar haya da zan tuƙa daga can, na lissafa kafin azahar muna Chamonix, garin da ke gindin dutsen. Na ja wa Baba kunne cewa ba tsayawa ko'ina. Ya ce to. Irin "to" ɗin nan nasa mai sanyi, wanda ya kamata in yi zarginsa tun a lokacin.

Jirgin nan gudu gare shi na tashin hankali, amma a ciki ko shayi ba ya zuba. Da gari ya waye muka ratsa gonaki shimfiɗe har iyakar gani, an girbe wasu an kafce wasu, ga fararen shanu ƙosassu ba makiyayi a bayansu. Abin da ya dami Baba ke nan. Ya yi ta tambaya wa ke kiwonsu, na ce waya aka kewaye su da ita, ya girgiza kai ya ce saniyar da ba ta san muryar mutum ba ai marainiya ce. Na sayo masa kafe a ɗan kofin takarda, ya tambayi kuɗin, na faɗa, ya juya shi sefa a ka. Jika biyu, wato sefa dubu biyu, da 'yan kai a ruwan zafi? Ya shanye har ɗigon ƙarshe, wai kada a yi asara biyu.

Wata mata ce wankan tarwaɗa a kujerar da ke fuskantarmu. Baba kuwa ba ya iya zama kusa da mutum bai ji garinsu ba. Ya gaishe ta da faransancinsa na mutanen da, wanda kamar an goge shi an ninke. Ta ce ita 'yar tsibirin Réunion ce, can cikin teku gabas da Madagaskar, aikin jinya take a Lyon. Baba ya ɗaga yatsa kamar yana aji ya ce, "Piton des Neiges!" Matar nan ta dafe ƙirji. Ta ce tun zuwanta ƙasar nan ba wanda ya taɓa riga ta faɗin sunan dutsen garinsu, ga shi daga ƙofar ɗakin kakarta ake hango shi. Shi ke nan, an sosa wa tsoho inda ke masa ƙaiƙayi. Ya jero mata su, Monte Cinto na tsibirin Korsika, Soufrière ta Gwadalup, Pelée ta Martinik, waɗannan biyun masu aman wuta. Ya ce Faransa ta watsa duwatsunta cikin tekuna, babban ne ta riƙe kusa da ita. Sannan ya gyara hula ya ce kada ta manta da Bagzan namu na Ayar, ya fi na Gwadalup da na Martinik tsawo nesa ba kusa ba. Mutanen kujerun kusa suka ajiye wayoyinsu suna saurare. Ni kuwa kaina ya fasu, na ji kamar in miƙe in ce jama'a, ubana ne.

Muna sauka a Lyon na hango su. Wani magidanci mai furfura a gemu cikin farar shadda, da wasu mutum uku a bayansa, suna ta leƙen ƙofofin jirgi. Yana ganin Baba ya zube ƙasa a nan tsakiyar tasha, Turawa na kewaye shi da akwatunansu. "Mushe! Mushe, sannu da hanya!" Baba bai ga fuskarsa sosai ba, muryar ya kama, ya kira shi da sunan tsokanar da ake masa a lakwal. Ashe tun daga Bobigny tsoho ya buga masa waya a ɓoye, kuma da bakin maigidana a ciki, wannan shari'ar tamu daban ce. Ashe kuma shi ne yaron nan mai ƙiriniya da ya yi tambayar. Ya daɗe a Lyon, yana aiki a wata masana'antar haɗa sinadarai a Saint-Fons. Zan kira shi Yaya, don haka na kira shi har muka rabu.

Yaya ya ce sai mun biya ta gidansa tukuna. Na ja Baba gefe na ce, "Baba, rana ɗaya gare mu fa. Ɗaya!"

"Gaisawa kawai za mu yi, mu sha ruwa."

"Baba, na san shan ruwanku."

"Uwata, in wuce ta ƙofar gidan mutum ban yi sallama ba, in tafi gaida dutse? Da wane baki zan faɗi haka a Damagaram? Dutse ba ya zuwa ko'ina."

"Dutse ba ya zuwa, amma girgije yana zuwa!"

Ya yi murmushi ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Na ce ni ba dafa shi na zo yi ba, gani kawai muke so. Sai ya sauya fuska, ya ce mini a hankali kada in kuskura in ambaci meteyon nan gaban mai gida, baƙon da ke duba agogo a kan tabarmar mutane ba shi da tarbiyya. Yaya kuma da ya ji zancen motar haya ya ce wace irin haya yana raye? Da an sha ruwa shi zai kai Mushe da kansa. Haka na soke motar ta waya, ina tafe ina ƙwafa.

Sai da ya zagaya da mu Saint-Fons tukuna, wai Mushe ya ga inda karatu ya kai yaronsa. Dogayen bututun hayaƙi, manyan tankuna, ƙarafa sun sarƙe da juna a bakin kogin Rhône, ga wani wari kamar an ƙona roba. Baba ya yi ta sa albarka. Ni ina kujerar baya ina kallon sama, shuɗiya tas ko ɗigon girgije babu, kamar da gayya.

Gidan Yaya a Rillieux-la-Pape yake, unguwar dogayen benaye a kan tudu arewa da Lyon, shi kuma can kusa da ƙarshen bene. Tun daga cikin na'urar hawa na ji ƙamshin gashi, na san an gama da ni. Takalma a ƙofa kamar masallacin Juma'a. Duk wani ɗan Nijar da ke Lyon da kewaye yana falon nan. Ga ɗalibai, ga masu bincike a jami'a, ga wani Alhaji mai safarar tsofaffin motoci, har da wasu 'yan Kano biyu masu shagon atamfa da suka ji labari suka biyo. An gasa rago, ga dambun zogale, ga farfesu, ga fura da aka dama da nonon kanti ta fito kamar ta gida. Hajiya matar Yaya 'yar Maradi ce, mai jiki da yawan dariya, tun jiya take tsaye a kan tukwane. To ta ina za ka ce wa waɗannan mutane sauri kake?

Azahar ta yi aka yi jam'i. Aka kafa shayi. La'asar ta yi, shayin bai ma kai na uku ba. Na shige kicin na buɗe waya, akwai kamara da ke nuna dutsen kai tsaye daga Chamonix. Ga shi nan fari fat, rana na dukansa, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Wallahi sai hawaye. Hajiya ta same ni ta ce, "Ke ƙanwata, mi ya hwaru? Tonka ce?" Na ce e, barkonon ne ya shige mini ido.

Ina nan sai na ji falo ya ɗauki wata irin murya baki ɗaya. Na leƙa. Ashe cikin taron akwai wasu tsofaffin ɗaliban Baba ban da Yaya, sun tashi sun jeru sun harɗe hannuwa a ƙirji kamar yaran aji. Baba na zaune tsakiya da sandarsa, yana jefa tambaya da faransanci suna amsawa da waƙa-waƙa irin ta lakwal. Dutsen da ya fi tsawo a Faransa? Suka amsa, har da mita dubu huɗu da ɗari takwas da bakwai. Na Korsika fa? Na Réunion fa? Na Nijar fa? Nan suka ɗaga murya har na ji tsoron maƙwabta su buga ƙofa. Manyan mutane fa, wani injiniya, wani likitan dabbobi, masu tumbi da furfura. Wani daga cikin 'yan jami'a ya ce ai yanzu masu awo sun ce dutsen ya ɗan ragu, ƙanƙarar kansa ba ta zama wuri ɗaya. Baba ya ce tsufa ne, shi ma da ya fi haka tsawo. Daga nan suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa, yana shafa kawunansu yana tambayar iyayensu da suna, gida-gida, daga unguwar Birni har ta Zango. Ban taɓa ganin abin da mahaifina ya shuka a tsaye gabansa ba sai ranar. Fushina bai tafi duka ba, amma ya sauka rabi.

Baba na da wata al'ada da ba ya fashinta. Kullum in ya sallame sallar asuba sai ya fita ya dubi gabas, don a wajenmu daga can hadari ke tasowa. Ko a Bobigny sai ya buɗe taga ya leƙa, sanyi na shigo mana. Asubar Lahadi ma ya nemi a buɗe masa ƙofar baranda. Hajiya ta yi dariya ta ce ai barandarta rumbu ce. Buhunan shinkafa, jarkokin mai, kwalayen kayan da za a aika gida, duk an jibge su jikin ƙofar, labule kuma a sauke shekara da shekaru. Ta ce, "Mi zai kai ni can, Baba? In leƙa ƙasa jiri ya kwashe ni in hwaɗi?" Na ce ruwan da muke ji yana dukan taga ai ba sai an duba ba, mu kama hanya.

Muka fita a motar Yaya ana yayyafi. Hanya santal ba rami ko ɗaya, sai dai kowane ɗan tafiya a tare ka da kuɗin hanya, inji ne ma ke karɓa, ba wanda za ka roƙa ragi. Da muka shiga ƙasar duwatsu sai gadoji da aka ɗora a kan dogayen ƙafafu, ka leƙa ka ga ƙauye can ƙasa kamar an zubar da kwalayen ashana. Sai kuma a huda dutse, mota ta shige duhu ta daɗe kafin ta fito. Duk shiga sai Baba ya yi salati, duk fita sai ya yi hamdala. Muka wuce ta gefen birnin Jeneba, kunnuwanmu suka fara toshewa. Ga gidajen katako masu rufi har ƙasa, ga shanu da ƙararrawa a wuya. Waɗannan Baba ya yarda da su, ya ce aƙalla an san da zamansu.

Mun isa Chamonix da hantsi, amma ba ka ce hantsi ne ba. Girgije ya sauko ya zauna a kan rufin gidaje. Duk inda ka ɗaga kai fari ne, ba sama ba dutse. Mutane na yawo da sanduna biyu-biyu da riguna masu launin tsiya. Baba kuwa ya sa rigar sanyin maigidana, ya ɗora babbar rigarsa ta shadda a kai, ya kafa hularsa bisa hular ulu, ya ce shi ba ya zuwa gaida babba da kayan aro a fili. Hoton da kuka gani ke nan. Wasu baƙi 'yan yawon buɗe ido har roƙo suka yi su ɗauki hoto da shi, ya tsaya musu yana riƙe da sanda kamar shi ne mai garin.

Akwai keken igiya da ke hawa da mutane can sama kusa da dutsen. Muka je wurin. Matar da ke sayar da tikiti ta gaya mana gaskiya, ta ce iska ta sa an tsayar da shi, ko da ma an hau ba abin da za a gani sai hazo. Ta dubi Baba da tausayi ta ce, "Kash, da jiya kuka zo. Jiya kam ba a magana."

Yaya ya juyo ya dube ni. Ni kuwa fuskata ba ta iya ɓoye abu. Nan take ya gane ruwan da aka sha a gidansa nawa ya ci.

Muka zauna jira ko Allah zai yaye. Muka shiga wani ɗan gidan abinci, na tabbatar ba alade ba giya a ciki, aka kawo mana dankali da narkakken cuku. Baba ya ɗanɗana ya ce cukun Tawa ya fi wannan ladabi, wannan tun daga ƙofa yake gaida mutum. Ya zaro kilishi daga aljihun babbar riga ya raba mana. Can bayan azahar girgijen ya ɗan ja sama kaɗan, sai ga wani harshen ƙanƙara ya zuro tsakanin itatuwa, fari da shuɗi-shuɗi, ya tsattsage. Na kama kan Baba da hannu biyu ina juya shi a hankali har abin ya shigo cikin ɗan ganinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To, mun ga ƙafar mai gida, fuskar ce bai ba mu ba." Ya gangara bakin kogin da ke ratsa garin, ruwan launin toka ne mai sanyin yanke hannu, ya ɗiba ya shafa a idanunsa. Muka haɗa azahar da la'asar a ƙarƙashin murfin bayan mota, ruwa na ɗiga mana a wuya. Kafin mu shafa addu'a girgijen ya sake rufewa ruf.

Dawowar nan ba wanda ya yi hira. Ni na cika fam, in na buɗe baki abin da zai fito ba mai daɗi ba ne, sai na kulle shi. Mun yi nisa Yaya ya ce, "Mushe, ni na jawo. Da na sani da ko ruwan ban ba ku ba."

Baba ya ce, "Kai, rufe mini baki. Ka ciyar da ni, ka tara mini 'ya'yana, sannan ka nemi gafara? Allah ne bai nufa ba." Ya juya ya jingina kai da gilashi. Ta madubi na ga ya zaro hankici yana goge ido, ya ce maganin likita ne ke sa masa ruwa. Ni nake ɗiga masa maganin, na san ba ya sa ruwa. A nan na ji zuciyata ta karye, don na san idon nan ba zai sake zuwa ƙasar nan da ganinsa ba.

Litinin jirginmu na komawa Paris da hantsi. Aka yi sallar asuba, ina ninke kaya, na ji Baba na cewa yau kam sai ya dubi gabas, kwana biyu bai duba ba jikinsa ba daɗi. Na ce Baba don Allah, mu bar mutane da rumbunsu. Yaya ya ce ko bango ne sai a rushe wa Mushe. Ya tattare hannun riga ya shiga jan buhuna, Hajiya na bayansa tana faɗa kada ya fasa mata jarkar mai. Da ƙyar ƙofar ta buɗu, ta yi wata ƙara. Iska mai sanyi ta shigo. Ruwan jiya ya wanke sama tas, gabas ta yi ja kamar garwashi, rana ba ta fito ba tukuna.

Baba ya fita ya dafa ƙarfen baranda, yana juya kai a hankali daga hagu zuwa dama yadda ya saba. Sai ya tsaya. Ya daɗe bai motsa ba.

"Uwata, zo. Wancan hadarin ba ya tafiya."

Na fito ina cewa wane hadari kuma. Can ƙarshen ƙasa, bayan filaye da ƙananan tuddai, duwatsu sun yi layi kamar haƙoran zarto. A tsakiyarsu wani ƙato mai faɗin kafaɗa ya ɗaga kai sama da kowa, shi kaɗai, baƙi a jikin jan sama. Yaya ya leƙo ya ce ai yakan hango wannan wani lokaci daga wurin ajiye motoci in zai fita aiki, shi duk zatonsa girgije ne.

Baba ya ce, "Girgije mai kafaɗa? Kai har yanzu ba ka sauraro a aji. Ka tuna taswirar da nake zana muku. In ka sa yatsa a Lyon ka ja shi gabas sak, me za ka tarar?"

Na buɗe taswirar waya na nuna ta wajen. Sunan ya fito ɓaro-ɓaro. Na kurma ihu har Hajiya ta saki jarkarta. Shi ne, jama'a! Mont Blanc ne, a ƙofar barandar da aka toshe da shinkafa.

Na ce, "Baba, kana ganinsa sosai?"

Ya ce, "Ni da abin da ke gabana kaɗai nake gani? Ai shi ne a gabana. Ban ga komai ba sai shi." Ya yi 'yar dariya. "Shekara talatin ina ce wa yara fari ne. Ga shi baƙi ƙirin kamar ni."

Wata tsohuwar Baturiya a barandar kusa, da ihuna ya fito da ita, ta ce mutanen Lyon kan ce in an ga dutsen nan daga gari to ruwa na tafe. Baba ya ce mata a garinmu wannan albishir ne, har tukuici ake bayarwa.

Sai na ga Yaya ya ja da baya tsakanin buhuna. Ya haɗa ƙafafu, ya harɗe hannuwa a ƙirji, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Mutum mai jikoki, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Mushe, kai ka taɓa ganinsa?"

Baba bai juyo ba, idonsa na kan dutsen. Ya ce, "Na gan shi, ɗana. A gidanka na gan shi."

Hajiya da ke tsoron jiri ita ma ga ta a baranda, ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya tana share fuska da gefen gyale. Muka tsaya har rana ta ɓullo ta gefen duwatsun, haske ya yi yawa, dutsen ya dushe a hankali ya ɓace.

Mun kama jirginmu da ƙyar, don sai da aka sake shan wani ruwan na ban kwana, wannan karon kuwa ban dubi agogo ba. Hajiya ta cika mana jaka da soyayyen nama, ta rantse barandar nan ta daina zama rumbu. Baba ya yi barci tun daga Lyon har Paris, sandarsa a ƙirji. Maigidana ya tarbe mu a tasha yana sunne kai, yana jiran faɗa. Na ce masa ya ci sa'a, an yafe masa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ni na zo da meteyo da lissafi, kuma lissafina daidai ne, ban janye ba, ranar Asabar ce ranar. Amma da na yi nasara a tashar Lyon, da Baba ya ga dutse shi da ni kaɗai, mai tambayar ba ya wurin. Tsohon nan ya ƙi wuce ƙofar mutum, ya ƙi barin duba gabas ko a bene na sama a ƙasar wasu, su biyun kuma su suka kai shi. Ina alfahari da shi, ina alfahari da mutanen da ya koyar, da duk wanda ya cire takalmi a ƙofar gidan nan.

Ranar Laraba na raka shi filin jirgi. Jiya ya kira ni daga Damagaram, ya ce ganin ya ƙara raguwa kaɗan, idon hagun yanzu sai inuwa. Ya ce, "Uwata, kar ki damu. Wanda nake nema na riga na sa shi ciki."